Babi na Biyar: Alƙalami Ɗaya, Iyayen Gida Biyu

"Wai aikin jarida yana riƙe gida kuwa?" Duk yaron da ya ce wa iyayensa aikin jarida zai karanta, da wuya a tashi daga zaman ba a jefo masa wannan tambaya ba. Sau da yawa akan samu wani kawu ya ƙara da cewa shi ya san ɗan jaridar da ya yi shekara da shekaru yana yawo da jaka a rataye bai aza ko bulo ɗaya ba, sai da ya zama kakakin wani kwamishina sannan aka ga mota a ƙofar gidansa. Daga nan sai tambaya ta biyu ta biyo baya: to me zai hana yaron ya zarce aikin hulɗa da jama'a kai tsaye, tunda can romon yake?

Tambayoyin nan biyu suna kan hanya, amma ba a amsa su a tsaye. Sai mutum ya san yadda jaridar gari take aiki, inda kuɗinta yake fitowa, da kuma abin da ake biyan jami'in hulɗa da jama'a ya yi. Kayan aikin sana'o'in biyu iri ɗaya ne: iya tambaya, iya rubutu, da sanin mutane. Inda suka rabu shi ne wanda ake yi wa aikin. Ɗan jarida mai karatu yake yi wa aiki, jami'in hulɗa da jama'a kuwa ma'aikatar da ta ɗauke shi. Wanda ya fahimci wannan tun da wuri zai iya cin abinci da kowace daga ciki da mutuncinsa.

Inda aikin ya faro

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Rupert East, Baturen da ke kula da hukumar talifi, shi ya ɗauko Malam Abubakar Imam ya zama editanta. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa jaridar, kuma da buƙatarta ta kafa ta: Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, ji-ta-ji-ta ta cika gari, ana neman hanyar isar da maganar hukuma ga jama'a da harshensu. Amma jaridar ba ta tsaya nan ba. Masu karatu daga larduna suka riƙa aiko da wasiƙu ɗauke da ra'ayoyinsu da koke-kokensu, ana bugawa. Ke nan tun ranar farko akwai murya biyu a cikin takarda ɗaya, ta mai gida da ta talaka, editan kuma yana tsakiya.

A shekarun 1950 hukumar talifi ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta fito da ƙananan jaridu na larduna: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zazzau. Su ne jaridun gari na ainihi, inda mutum zai karanta labarin kasuwar da yake ci da hakimin da ya sani. New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a Kano, wanda ya riƙa buga Albishir da boko, Alfijir kuma da ajami. Aminiya ta kamfanin Media Trust ta zo a 2006.

In ka duba wannan jeri za ka ga yawancinsu na gwamnati ne. Wannan gado yana nan har yau: ɗan jaridar Arewa ya saba aiki a gidan da mai biyan albashi shi ne kuma wanda ya kamata a sa wa ido.

Yinin wakili

A ɗakin labarai kowa da fagensa. Akwai wakilin kotu, na majalisa, na 'yan sanda, na lafiya, na kasuwanni, na wasanni. A ƙaramar jarida kuwa mutum ɗaya kan haɗa uku ko huɗu. Da safe wayarsa ce ofishinsa: zai kira kakakin 'yan sanda, ya kira wani ma'aikaci a sashen gaggawa na asibiti, ya ji ta bakin shugaban 'yan kasuwa, ya leƙa tasha wajen 'yan kamasho. Yawancin kiran ba sa haifar da komai. Amma ranar da abu ya faru, wanda ya saba gaisawa da mutane shi ake ɗauka wa waya.

Ɗauki wakilin kotu. Yakan iso kafin alƙali ya zauna, ya duba jerin shari'un ranar a wajen rajistara, ya kwafi sunaye harafi da harafi, domin Sani da Sanusi ba mutum ɗaya ba ne, kuma akwai Musa Ibrahim da yawa a unguwa guda. Zai rubuta laifin da ake tuhuma da sashen dokar, da amsar wanda ake tuhuma, da ranar da aka ɗage zaman. Ba zai rubuta "ɓarawo" ba, sai "wanda ake zargi da sata", har ranar da alƙali ya yanke hukunci. Wannan ɗan bambanci shi ke tsakanin jarida da ƙarar ɓata suna.

Abin da ya fi bambanta wakilin gari da na babbar jarida a Legas ko Abuja shi ne kusanci. Shugaban ƙaramar hukumar da ka rubuta cewa bai biya malamai ba, za ku haɗu ranar Juma'a a sahu ɗaya. Ƙanwar matarka tana aure a gidansu. Kafin labarin ya fita, an riga an kai ƙararka wajen mahaifinka ko limamin unguwa, a ce a ja maka kunne. Irin wannan matsi ya fi barazanar hukuma yawa, ya kuma fi ta wuyar turewa, domin da fara'a yake zuwa. Sai dai kusancin yana da amfaninsa: ka san wanda ke faɗin gaskiya a garin, ka san mai ƙara gishiri, kuma in ka yi kuskure ba za a kwana ba a gaya maka ba.

Barazanar hukumar ma akwai ta. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda a ƙarƙashin Doka ta 4 ta gwamnatin soja. Ranar 19 ga Oktoban 1986 aka kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam a cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa a Legas. A yau sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Wakilin da ya san waɗannan ya fi wanda bai sani ba ƙarfin gwiwa a gaban sakataren ma'aikata.

Layin farko

Sabon shiga yakan fara labari daga inda abin ya fara: yadda ya ji ihu, yadda ya hau babur, yadda ya tarar da jama'a cirko-cirko. Edita zai soke duk wannan. Labarin jarida daga abin da ya fi muhimmanci yake farawa, sannan a gangaro zuwa ƙanana. Tambayoyi shida ake son amsawa da wuri: me ya faru, ga wa, a ina, yaushe, ta yaya, kuma saboda me.

A ce gobara ta tashi a kasuwa. Layin farko zai ce gobara ta cinye shaguna a layin 'yan atamfa na babbar kasuwar gari a daren Talata, ba a rasa rai ba. Na biyu ya kawo abin da hukumar kashe gobara ta ce game da musabbabi. Na uku ya kawo muryar wanda shagonsa ya ƙone. Dalilin wannan tsari biyu ne. Mai karatu na iya tsayawa ko'ina ya tafi da abin da ya fi buƙata. Edita kuma in fili ya yi kaɗan daga ƙasa yake yankewa, ba ya da lokacin sake rubutu ana jiran shafi a maɗaba'a.

Wurin da aka fi zamewa shi ne adadi. Wanda ya yi asara zai ce shago ɗari ya ƙone, jami'i ya ce ashirin. In za ka iya, shiga ka ƙirga da kanka. In ba za ka iya ba, kawo maganar kowa ka jingina masa. Haka nan "majiya mai tushe" ba mafakar rago ba ce. Ana sakaya sunan majiya ne in faɗin sunan zai jawo mata cuta, kuma edita yana da haƙƙin sanin ko wace ce.

Ina albashin yake fitowa?

Kuɗin da mai karatu yake biya ya sayi jarida ba ya ɗaukar nauyin buga ta. Talla ce ke riƙe da gidan: sanarwar gwamnati, tallan banki da kamfanonin waya, shafin taya murnar naɗin sarauta, shafin ta'aziyya, da 'yan ƙananan sanarwar sauya suna. Takardar bugawa kuma daga waje ake sayo ta da dala, domin masana'antar Oku Iboku da ke jihar Akwa Ibom ta daina aiki tun shekarun 1990. Duk lokacin da naira ta faɗi, sai jarida ta rage shafi ko ta ƙara kuɗi. Ga intanet ta zo, labarin da jarida za ta fito da shi gobe an gama tattauna shi yau a Facebook, kuma kaso mai yawa na kuɗin talla ya koma can da Google.

Sakamakon a bayyane yake. Gwamnatin jiha ta zama babbar mai ba da talla, kuma in ta ji haushin wani labari tana iya janye tallanta ba tare da ta kama kowa ba. Jaridar gwamnati kuwa rayuwarta tana hannun mai mulki: an rufe Triumph a 2012, sai daga baya aka farfaɗo da ita. A wasu gidajen albashi yakan yi watanni bai zo ba. Akwai ma inda ake miƙa wa sabon wakili katin shaida kawai, a ce ya je ya nema da shi. Wanda zai shiga wannan aiki ya tambayi waɗanda ke ciki yaushe rabon da a biya su, kafin ya karɓi takardar ɗauka.

Maganar ambulan

Duk wanda ya taɓa zuwa taron manema labarai ya san yadda ake tashi. Ana cikin jawabi sai ka ga farar takarda tana zagayawa, kowa ya rubuta sunansa da kafar da yake wakilta. Bayan an rufe da addu'a sai a kira ɗaya daga cikin wakilan gefe, a danƙa masa abin da ake kira kuɗin mota, ya zo ya raba. A da a cikin ambulan ake sakawa, yanzu lambar asusu ake karɓa.

Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana ɗan jarida nema ko karɓar wani abu don ya buga labari ko ya danne shi. Mai karɓa zai ce albashinsa bai zo ba, kuma da aljihunsa ya zo wurin, maganarsa kuwa gaskiya ce. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da asibitin da ke ba ka kuɗin mota ya yi sakaci mai haihuwa ta rasu, hannunka zai yi nauyi. Mai bayarwar ma yana da lissafi, ya san farashinka, kuma zai faɗa wa na kusa da shi.

Waɗanda suka tsira daga wannan tarko yawanci wata ƙofar halal suka buɗe da alƙalamin nasu. Wani yana fassara tsakanin Hausa da Turanci. Wani yana aika wa gidan rediyo rahoto. Wani yana koyarwa, ko gyara rubutun littattafai. Wasu suna neman tallafin binciken ƙwaƙwaf daga cibiyoyi irin su ICIR a Abuja da Cibiyar Wole Soyinka a Legas, waɗanda ke ɗaukar nauyin bincike ba tare da sun ce a yabi kowa ba.

Ofishin kakaki

In za a yi aure, gidan yarinya sukan tura mutum ya binciko halin manemi: sana'arsa, abokansa, yadda yake zaune da iyayensa. Gidan yaro kuma sukan tura wakili ya gabatar da ɗansu. Mai bincike aibi yake nema, wakili kuwa alheri yake bayyanawa, kuma kowa ya san matsayin kowa. Babu laifi wakili ya fara da cewa yaron yana da sana'a da ladabi. Amma in aka tambaye shi ko yaron ya taɓa aure ya ce a'a alhali ya taɓa, ya kashe auren, ya kuma kashe maganarsa a unguwar har abada. Ɗan jarida shi ne mai binciken, jami'in hulɗa da jama'a shi ne wakilin.

Sana'ar hulɗa da jama'a a sigarta ta zamani a Amurka ta tsaya da ƙafarta. A watan Oktoban 1906 wani jirgin ƙasa ya faɗa ruwa a Atlantic City, mutum fiye da 50 suka mutu. A wancan zamani kamfanoni ɓoye haɗari suke yi. Ivy Lee, tsohon ɗan jarida da ke yi wa kamfanin jirgin aiki, ya shawo kansu suka fitar da bayani a rubuce, aka kuma kai 'yan jarida wurin suka gani da idonsu. Ana ɗaukar wannan takarda a matsayin mafarin sanarwar manema labarai da muka sani yau. A Najeriya ƙungiyar masu sana'ar ta kafu a 1963, Doka ta 16 ta 1990 kuma ta ba cibiyarsu, wato NIPR, ikon yi wa masu aikin rajista.

Aikin ya wuce rubuta sanarwa. Jami'in yana rubuta jawabin shugaba, yana shirya taron manema labarai, yana kula da shafukan sada zumunta na ma'aikata, yana amsa wayar 'yan jarida ko da tsakar dare ne. Mafi wuyar aikinsa a cikin gida yake: ya shiga ofishin mai gida ya gaya masa abin da ake faɗa a gari, ko da ba daɗi. Nan ya sha bamban da sojan baka, wanda ake saya wa fili a rediyo ya yabi ubangida ya zagi abokin hamayya. Sojan baka da zaɓe yake tashi, da zaɓe yake faɗuwa. Kakakin da 'yan jarida suka shaida ba ya yi musu ƙarya, ko mai gidansa ya sauka wani zai neme shi.

Albashi a nan ya fi tabbas, musamman a banki, jami'a, kamfani ko ƙungiyar agaji. Abin da ake bayarwa a madadinsa shi ne 'yancin faɗin ra'ayi. Sunanka ba zai fito a kan jawabin da ka kwana kana rubutawa ba, kuma wata rana za ka kare matakin da kai kanka ka ba da shawarar kada a ɗauka.

Labari ɗaya, rubutu biyu

A ce ƙaramar hukuma ta haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu ƙauyuka. Sanarwar wanda bai iya ba za ta fara da jerin laƙabin shugaba, mai girma, jagoran talakawa, gwarzon shekara, sai a sakin layi na huɗu rijiya ta fito. Edita ba zai kai can ba. Sanarwar gwani kuwa kamar labari take: rijiya nawa, a waɗanne ƙauyuka, nawa aka kashe, yaushe za a fara amfani da su, sai gajeriyar maganar shugaba, sai suna da lambar wanda za a kira. Shafi ɗaya ya isa.

Wakilin jarida in ya karɓi wannan takarda, aikinsa ya fara ke nan. Zai je ɗaya daga cikin ƙauyukan ya murɗa famfon da hannunsa. Zai tambayi matan da ke layi da jarkoki yaushe ruwan ya fara zuwa. Zai duba ko rijiyar bara tana aiki, ya nemi sanin kamfanin da aka ba kwangila. In komai daidai ne ya rubuta haka, domin labari mai daɗi ma labari ne. Wanda ya cire kan sanarwa ya ɗora sunansa ya aika, ya yi wa kakaki aiki kyauta, ya kuma yaudari mai karatu da ya zaci an je an gani.

Masu sauya sheƙa

Hanyar daga ɗakin labarai zuwa ofishin kakaki tsohuwa ce. Olusegun Adeniyi editan ThisDay ne kafin ya zama kakakin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007. Reuben Abati daga The Guardian ya tafi wajen Shugaba Goodluck Jonathan a 2011. Femi Adesina na The Sun da Malam Garba Shehu, wanda ya taɓa shugabantar Triumph, su suka yi magana da yawun Shugaba Muhammadu Buhari daga 2015 zuwa 2023, kuma dukansu biyu sun taɓa riƙe shugabancin ƙungiyar editoci ta ƙasa. Ana neman irinsu ne saboda sun san lokacin da ake rufe shafi, sun san abin da edita zai ɗauka da wanda zai jefar, sun kuma san tambayar da za a yi kafin a yi ta.

Sauya sheƙa a fili ba abin kunya ba ne. Abin da ke zubar da mutunci shi ne riƙe biyun a ɓoye: da rana kana wakilin jarida a gidan gwamnati, da dare kana rubuta wa kwamishina martani. Sannan a sani, tafiya ta fi dawowa sauƙi. Wanda ya yi shekaru yana kare gwamnati, in ya koma sharhi sai ya daɗe kafin mai karatu ya daina jin muryar tsohon mai gidansa a bakinsa.

To, yana riƙe gida?

Yana riƙewa, amma ba da gaggawa ba, kuma da wuya da albashin gida ɗaya a shekarun farko. Karatun yana samuwa a Jami'ar Bayero, Jami'ar Ahmadu Bello, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da wasunsu, sai dai edita rubutunka zai nema kafin takardarka. Wanda ya iya rubuta Hausa da ƙa'idarta, ya iya Turanci, ya iya ɗaukar hoto da murya da wayarsa, ya kuma san fage guda sosai, kamar noma ko kotu ko kasafin kuɗi, ba zai rasa mai nemansa ba.

Shawarar da ta fi dacewa da mai farawa ita ce ya soma da ɗakin labarai ko da hulɗa da jama'a yake hari. Can ne ake koyon rubutu a ƙurarren lokaci, can ake sanin mutane, can kuma ake yin sunan da wata ma'aikata za ta saya gobe. Jarin sana'o'in biyu ɗaya ne, wato a ce in wane ya faɗa haka ne. Ka tsare wannan tun daga labarinka na farko.

Duk abin da muka zayyana a nan, labari ne ko sanarwa, daga bakin mutane ake samo shi. Saboda haka babi na gaba zai duba hira: yadda ake shirya mata, yadda ake jera tambayoyi, da abin da za ka yi in babban mutum ya ce maka, "Kashe rikodar nan tukuna."